Sandar Hannun Dama

"Sitiyari ai na direbobin bas ne, Nea Pamfil," in ji Codrin, yana ture hoton tallan sitiyarin da ɗan yatsa. "Matuƙin ƙwarai sanda yake riƙewa."

Codrin dai bai taɓa tuƙa komai ba sai tasin kawunsa, amma ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, har ya sayi baƙin tabarau. Duk benen nasu na garin Brăila Kyaftin ake ce masa. Shi kaɗai ne bai san zolaya ba ce.

Tsohon maƙwabcin nasa kuwa jirgin feshin gonaki ya tuƙa har ya yi furfura, kafin ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Burinsa ɗaya ya rage: ya sayi kayan tuƙi na kwamfuta, ya sauke jirgi lafiya ko sau ɗaya ne a kan allo. Da karkataccen bakinsa ya yi ta bayanin cewa sitiyari zai fi, tunda hagu ma tana iya juya shi.

Codrin ya ji sarai. Ya kuma ji abin da likita ya gaya wa matar tsohon, Tanti Ortansa, a bakin matakala: kwanakinsa sun kusa ƙarewa. A unguwar, kayan mamaci maƙwabta ake ba sadaka, kuma sanda ce ake koyo da ita a makarantarsu. Sai ya zaɓa masa sanda mai tsada, wadda aka ƙera daidai tafin hannun dama, har da gurbin babban yatsa.

Daga ranar, kullum Codrin yana jin jirgi yana tashi ta bayan bango, ya yi ta kuka, can sai shiru. In ya leƙa, sai ya tarar da tsohon ya murɗe hannun hagu a kan sandar, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Kyaftin, hannuna ya ƙi zama a kanta."

"Rashin sabo ne, Nea. Ka dai daina danne ta, kada ta lalace."

Codrin ya sa hankicinsa ya goge ta tas. Tanti Ortansa tana ƙofar kicin tana ɓare gasasshen tattasai.

Nea Pamfil ya mutu wata safiya a kujerarsa, hancin jirgin a cake cikin gonar masara a kan allon.

Ranar jana'iza Codrin ya shigo da jaka a naɗe cikin kwat. An rufe madubai da zane bisa al'ada, an rufe allon ma. Teburin wayam. Sai da ya matsa gaban akwatin gawa ya gan ta: an kwantar da sandar a ƙirjin tsohon, an jera matattun yatsun dama kowanne a gurbinsa. Sun zauna cif.

"Kai ka ce ta fi, Kyaftin," in ji Tanti Ortansa. "A can lahira hannun zai warke."

Ta miƙa masa tasa sadakar, silifas ɗin mamacin, na daman ya cinye a gefe saboda jan ƙafa. Mutane na kallo, dole ya yi godiya ya yi addu'a. Sannan ta ce tunda shi ne mai ƙarfi, ya kama akwatin ta gaba.

Matakalar ƙunci gare ta. Suka sauko a hankali da akwatin a buɗe. Wayar sandar ta zamo ta gefe tana lilo, bakinta mai sanyi yana taɓa wuyan Codrin a kowane taki.