Ruwan Litinin

Mijina Idwal ya dawo daga wasannin guragu da lambobin zinariya biyu, ɗaya ta iyo, ɗaya ta ɗaga ƙarfe. A 1962 ke nan, shekara biyar bayan rufin ramin kwal ya rufto masa a baya. Sai ga kansilolin garinmu, waɗanda ko sannu da jiki ba su taɓa zuwa yi mana ba, sun tuna ɗansu ne.

Abu ɗaya yake nema a wurinsu: ruwa mai tsabta. Ranar Litinin ake sabunta ruwan tafkin iyo na gari, guragu kuwa an ba su awar ƙarshe ta Asabar, bayan kowa ya gama wanke dauɗarsa. Ruwan kamar romo. Sau biyu yana tayar masa da gyambon kwankwaso, likita kuma ya ce in aka yi na uku, shi da iyo har abada.

Aka haɗa masa liyafar shayi da biskit. Kansila Howells, mai tumbin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na baho ba, ya yi rabin awa yana jawabi a kan jarumta. Da ya gama ya shafa kan Idwal. Ya shafa kansa! Mutumin da ke kwanciya a benci ya tura ƙarfen da ya fi Howells da matarsa nauyi.

"Faɗi abin da kake so, yaro," in ji Howells.

"Litinin, yallaɓai. Ko awa ɗaya ce."

Howells ya tauna biskit, ya dubi 'yan'uwansa. "To, ka san mata da yara... ganin ƙafafun nan... Amma ai kai namu ne! Ƙarfe shida na safe, kafin a buɗe wa mutane."

"Shi ɗin mene ne, akuya?" na ce.

"Glenys, don Allah," Idwal ya riƙe mini hannu. Ya yi godiya har sau biyu. Haushin godiyar nan ya fi na Howells ci mini rai.

Ranar Litinin na tura shi a kekensa har bakin tafkin. Ruwan garau, kana hango layin ƙasansa, ga sanyi, don ba a kunna tukunyar ɗumama shi ba tukuna. Idwal ya ninƙaye tsawon tafkin sau arba'in. Ya fito leɓe ya yi shuɗi, yana dariya kamar yaro.

Ina goge masa baya sai ga mai kula da wurin da bokiti biyu na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya tsaya daidai layin da Idwal ya bi, ya tuttule su duka.

"Umarnin kansila ne, uwargida," ya ce, bai ko dube ni ba.

Na yi sauri na rufe wa Idwal kai da tawul, ina ta murza gashin da ya riga ya bushe.

Daga cikin tawul ɗin ya ce, "Bari, Glenys. Ai ina jin warin."