Gurbin da Nake Bari a Ƙasan Kwali

Shekara ashirin da biyu ina koyar da 'yan aji biyu, kuma duk kwalin da ya taɓa hawa bangon ajina ni na zana shi da hannuna. Ina da wata ɗabi'a: a ƙasan kowane kwali, ta hannun dama, sai na ja layi huɗu na bar gurbi fari fat. In darasin sassan shuka ne, yaro ɗaya zai fito ya zana tasa shukar a ciki. Mako ya zagayo, na liƙa sabuwar takarda, wani ya fito. Yaran da ba sa buɗe baki a aji, a wannan gurbin nake gane abin da suka fahimta.

Da aka kawo wa makarantarmu kwamfuta, na ce sai na koyi zane a kanta ko yatsuna za su karye. Wadda ta koya mini ita ce Auta, mafi ƙanƙanta a malamanmu, shi ya sa muke kiranta haka. Ni na karɓe ta ranar da ta fara aiki, ni na nuna mata yadda ake rubuta tsarin darasi, kuma ranar da hedimasta ya sa ta kuka, a kafaɗata ta yi shi. Yaya take ce mini.

"Yaya, kina da imel?" ta tambaye ni ranar farko.

Na ce ina na gan shi.

"To mu shiga da nawa, ai duk ɗaya ne."

Wata huɗu ina zama bayan an tashi yara. Da farko linzamin kwamfutar guje mini yake kamar ɗan tsako. A hankali na iya jan hoto, na iya zaɓen launi, na san girman rubutun da na bayan aji zai gani. Auta na gefe tana latsa waya, sai na maƙale ta leƙo. Baban yara har tsokanata yake, wai injiniya ta dawo, a ba ta ruwa. Kwali talatin da ɗaya na haɗa, kowanne da gurbinsa.

Sai aka ce sufeto zai zo ya zaɓi malami ɗaya a tura shi kwas na wata uku, ya dawo ya koyar da sauran. Ban taɓa zuwa kwas ko na kwana ɗaya ba, kuma wallahi ina so, ba zan ɓoye ba. Auta ta ce, "Yaya, bar mini haɗa majigin, ke dai ki shirya bakinki."

Ranar, aka ja labulen ofishin malamai, kwalina na sassan shuka ya fito a bango. Ina gyara mayafi zan miƙe, na ji muryar Auta: "Yallaɓai, wannan ɗan aikin da na yi ne a wata huɗun nan."

Na fasa miƙewa. Tana ta wucewa da su ɗaya bayan ɗaya, ko inda nake ba ta kalla ba.

Sufeto ya nuna ƙasan kwalin da biro. "Wannan farin wurin fa?"

"Kuskure ne, yallaɓai." Ta danna, gurbin ya ɓace.

Nan na miƙe na ce aikina ne, ni na yi shi tun daga farko har ƙarshe. Sufeto bai yi gardama ba. Ya ce in shiga da imel ɗina in nuna masa. Ni kuwa ba ni da shi, duk aikin a cikin nata yake. Hedimasta, wanda kullum yake wuce ni a gaban kwamfutar in zai tafi gida, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, a yi maganar daga baya."

A bakin famfo na tare ta. Ko a jikinta.

"Yaya, saura shekara nawa ki yi ritaya? Ni ce zan daɗe ina morar kwas ɗin. Kuma ai ni na koya miki."

Na ce, "Haka ne, Malama." Tun daga ranar ban sake ce mata Auta ba. Rasa kwas ɗin ya yi mini ciwo, amma abin da ya fi ci mini rai, wata huɗu tana kallon gurbin nan, ko sau ɗaya ba ta tambaye ni amfaninsa ba.

Bayan ta tafi aka bugo kwalayen, masu ƙyalli, aka raba wa kowane aji. A daidai inda gurbina yake, sunanta ne da manyan baƙaƙe. Hedimasta ya ce a kafa, na kafa.

Ranar Litinin, yarinyar da layi ya zo kanta ta fito da fensirinta. Ta tsaya gaban kwalin tana duba sama da ƙasa, sannan ta juyo ta kalle ni. Na buɗe durowa, na yanko farar takarda, na shafa mata gam, na liƙa a kan sunan, na danne da tafin hannu sai da ta kama.

Na ce, "Zana."