Gara a Ɗakin Malam Isyaku

Malam Isyaku ya shekara talatin yana koyar da tarihi a Daura kafin ya yi ritaya, kuma tun yana saurayi yake tara kan sarki, irin wanda ake liƙa wa ambulan. Ba barkatai yake tara su ba. Kundin tsuntsaye daban, na taurari daban, na tukwane da sassaƙa daban, har goma sha ɗaya, duk a cikin adakar katako a tsohon ɗakin ƙasa da ya gada.

Ranar wata Talata da hantsi, bayan an kwana uku ana tafka ruwa, ya ɗauko kundin tsuntsaye, sai ya ji shi ba nauyi. Ya buɗe. Shafin farko lafiya lau, na biyu ma haka. Daga na biyar sai rami. Kan sarkin Nijar mai hoton gauraka, wanda ya fi ji da shi, saura kai da wuya. Wasu farare-fararen ƙwari suna motsi a cikin takardar, ba su ko damu da haske ba.

Gara ce.

Ya janye adakar, ya ga sawun jar ƙasa ya taso daga daɓe, ya bi bango, ya shige cikin azara. Ya ɗaga sandarsa ya taɓa azarar, sai gari ya zubo masa a hula.

Matarsa Kubura ta leƙo, ta ga abin da yake kallo. Ta ja mayafi ta kirawo maƙwabcinsu Sada magini. Sada ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ƙi shiga.

"Malam, fito. Rufin nan ya sha ruwa, kuma ba abin da ke riƙe da shi."

"Bari in kwashe kundayen."

"Ga hadari can ya haɗo," in ji Kubura. "Don Allah, Malam, takarda ce fa."

Bai ko waiwayo ba. Ya rungumi huɗu ya kai tsakar gida. Gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke, kaji suka shige akurki da rana tsaka. Ya sake komawa. Yana sunkuye a kan adakar ya ji wata 'yar ƙara a samansa, kamar ana karya kara a hankali. Ya ɗaga kai ya dubi azarar. Sada ne ya miƙo hannu ya damƙi wuyan rigarsa ya fizgo shi waje, ba ko takalmi.

Ɗakin bai faɗi nan take ba. Suka tsaya a zaure suna kallonsa, ruwa na zuba, har aka kira azahar. Sannan rufin ya lotsa a tsakiya, ya rufta gaba ɗaya a kan kundaye bakwai.

Da ruwa ya tsagaita, Sada ya zagaya gidan yana caka wuƙa a gindin kowane bango. Ya dawo fuskarsa ba walwala.

"Gidan garar yana ƙarƙashinku, kuma ban san iyakarsa ba. Kada ku kwana a nan."

Kafin la'asar suka ɗaure kaya zuwa gidan yayan Kubura a unguwar Kusugu. A hanya Malam Isyaku ya ga Sada ya tsaya a ƙofar nasa gidan, wanda suka haɗa katanga, yana ƙwala wa iyalinsa kira su fito.