Waldar Ustad Allah Diwaya

Shekara biyar a jere motarmu Baƙar Kunama tana cinye tseren motoci na hamadar Cholistan, kuma duk biyar ɗin ina cikinta. Zawar ke riƙe sitiyari, ni Khuda Bakhsh ina gefensa ina karanta masa hanya. Mai motar Malik Sarfraz ne, mai gonakin auduga a bayan Bahawalpur. Wanda ya haɗa ta kuwa, tun daga ƙarfen ƙasa har kejin da ke kare kawunanmu, Ustad Allah Diwaya ne, tsoho mai kunne ɗaya da ke ji, wanda in ya ɗora tafin hannu a kan inji zai gaya maka abin da ke damunsa.

Daga nan sai abu ya fara zamewa. Muka zo na biyu, muka ce tsautsayi ne. Shekara ta zagayo muka zo na huɗu. Da muka zo na bakwai, Malik ya ƙi cin abincin da aka dafa a tantinmu, ya shige motarsa ya tafi gida.

Kowa da abin da yake faɗa. Wasu suka ce idon Zawar ya fara rauni. Zawar ya ce ni ne nake makara wajen kiran kwana. Na ce masa, "Lala, babban yaya, in na kira hagu ka yi dama, laifin bakina ne ko na kunnenka?" Direban tankar ruwanmu ma cewa ya yi baki aka yi mana.

Saura wata guda tsere, Malik ya ɗauko wani injiniya daga Lahore, Taimur, mai farar riga da ba ta taɓa ganin baƙin mai ba. Mun raina shi, amma mutumin ya san aikinsa. Ya kwana uku a ƙarƙashin Kunama, ya duba lokutanmu na kowace shekara, sannan ya zagaya garejojin abokan hamayya kamar mai neman sayen taya. Da ya dawo, Malik ya tara mu a tsakar gareji, aka kawo shayi.

"Malik sahib," in ji Taimur, "motarka ba ta rage gudu ba. Bara ma ta fi shekarar da kuka fara cin kofi sauri da minti tara. Sauran ne suka kamo ku. Na leƙa ƙarƙashin motoci huɗu, yadda aka ɗaura shokozoba iri ɗaya ne da naku, waldar ma kamar hannu ɗaya ya yi. Akwai mai sayar da sirrinku."

Malik ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ustad ya ajiye kofinsa a kan taya. "Sa'in, ranka ya daɗe, ba wanda ya sayar. Ni na bayar."

"Ka bayar?" in ji Malik.

"Rab Nawaz, Shamshad, Iqbal Dogo, duk a gabana suka koyi riƙe sifana. Yanzu kowa da ubangidansa. In abu ya cije musu sukan zo, ni kuma in nuna musu."

"Gishirina kake ci, ni ke ciyar da kai, kana yi wa wasu noma!"

"Gishirinka na ci, Sa'in, kuma ban taɓa rage wa Kunama ƙusa ɗaya ba. Amma ka tuna Mumtaz, wanda motarsa ta kife a tudu na sha ɗaya? Bakanikensa daga nesa ya kwaikwayi kejina, domin na kore shi da ya zo tambaya. Ni na taimaka aka zaro Mumtaz daga cikin ƙarfen nan. Tun ranar na ce duk wanda ya tambaye ni, zan faɗa masa."

Malik ya miƙa hannu, ya ce, "Makullin gareji." Ustad ya kwance shi daga bakin rawaninsa ya ba shi, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Taimur ya sa wa Kunama sabon inji mai ƙarfin gaske, ya kuma faɗa wa Malik gaskiya cewa bai san ko ƙafafunta za su ɗauka ba. Ranar gwaji, ana gobe tsere, Zawar ya haura wani tudun yashi, muka tashi sama kamar an harba mu, muka diro da ƙafar gaba. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ƙarfen da ke riƙe da shokozoba ya tsage gida biyu. Tarakta ce ta jawo mu sansani da azahar, jama'a suna kallo.

Taimur ya duba, ya ce kwana biyu ne aikin. Malik ya koma bakin tanti ya zauna.

La'asar ba ta yi ba sai ga Rab Nawaz da injin walda a kafaɗa. Bayansa Shamshad da guntun ƙarfe, sai Iqbal Dogo ɗauke da gadon igiya a ka. Ya dire gadon a inuwar mota, Ustad ya zo a hankali ya zauna a kai.

"Wa ya kira ku?" in ji Malik.

"Ba kowa, Sa'in," Rab Nawaz ya amsa. "A kan motar nan na sha marin farko a hannun Ustad. Ba za ta kwana a kan jak muna kallo ba."

"Kuma so muke mu cinye ku a kan yashi," in ji Shamshad, "ba a bayan tarakta ba."

Suka shiga ƙarƙashinta, manyan mutane masu furfura a gemu, Ustad yana nuni da sanda. "Kai Rab Nawaz, wannan walda ce ko kashin kaji? Kankare ka sake!" "To, Ustad ji." "Dogo, tsawon banza, riƙe da kyau!" Taimur ya cire farar rigarsa ya durƙusa yana miƙa musu kaya, yana tambaya, Ustad yana ba shi amsa kamar yadda yake ba kowa. Kafin magariba Kunama ta sauka a kan ƙafafunta huɗu.

Washegari muka yi kilomita ɗari biyu da wani abu, waldar ko gezau. Motar da Shamshad ke kula da ita ce ta ci. Mu muka zo na biyar. Wata mota ta kife sau uku a tudu na sha ɗaya, direba da mai karanta hanya suka fito da ƙafafunsu suna zagin juna. Iqbal Dogo ne ya haɗa kejin motar, irin na Ustad.

Bayan an raba kofuna, Malik ya taka har inda Ustad yake zaune, a gaban kowa, ya cire ajrak, mayafin girma na yankinmu, daga kafaɗarsa ya yafa masa, ya saka masa makulli a hannu.

"Amma Ustad, don Allah, ka rage mana ko dabara ɗaya."

"Akwai ɗaya da ban koya musu ba, Sa'in."

"Wacce?"

"Ban gano ta ba tukuna. In Taimur zai zauna, mu nema tare."

Taimur ya zauna. Shekarar da ta biyo muka zo na uku, kuma Zawar har yau yana cewa da na kira kwanar ƙarshe da wuri, da na biyu muka zo. Ƙarya yake yi.