Dundumin Surajo

Surajo ɗan kabu-kabu ne, mai ɗaukar mutane a babur, a tashar Madawa. Tun damina idanunsa suka soma yi masa gardama: da rana garau, amma magariba na yi sai duniya ta haɗe masa. Bai gaya wa kowa ba, har amaryarsa Zulaiha. Ya san in maganar dundumi ta fita, ba mai sake hawa motonsa.

Zulaiha 'yar Garhanga ce, ta taso tana sanin taurari a bakin mahaifiyarta. Bayan girbi, in sun ci tuwo suna zaune a tsakar gida, sai ta riƙa koya masa.

"Waccan mai haske ta yamma ita ce Zara. Ka gan ta?"

Zara kam yana ganinta, dishi-dishi.

"To juyo gabas. Bisa itacen bedi, ga Kaza da ɗiyanta, sun taru wuri guda."

Bai ga komai ba sai baƙi. Ya ce, "Na gani, gwanin kyau." Ya dai riƙe a ransa cewa Kaza tana bisa bedi.

Can cikin sanyi surukarsa Tabawa ta zo ganin ɗiyarta. Ya dawo daga sallar isha'i, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Zai wuce ɗaki Zulaiha ta tsai da shi, cike da alfahari.

"Inna, ɗan birnin nan ya iya taurari yanzu. Maigida, gwada mata Kaza."

Surajo ya miƙa hannu bisa bedi. "Ga ta can."

Bai san taurari na matsawa da tafiyar watanni ba. A daren nan Kaza tana tsakar sama, bisa kawunansu.

Zulaiha ta yi 'yar dariya, ta zaci wasa ne. "Duba da kyau dai. Mi kaka gani can?"

"Su ne mana, a tare," in ji shi, muryarsa na raguwa.

Tabawa ba ta dubi sama ba, shi ta duba. Ta ce a hankali, "Ɗiyata, bar shi. Sadda ya shigo na ga yana laluben bango."

Ya ji kamar ya nutse. Ƙarya gaban suruka, da hannunsa a miƙe. Ya sauke hannun ya shige ɗaki, ya yi tuntuɓe da buta a bakin ƙofa.

Da Zulaiha ta shigo ba ta yi faɗa ba. Tambaya guda ta yi: "Haka kake ɗaukar mutane bayan magariba?" Sai ya tuna wata mai goyo da ya kusa zubarwa a rami kusa da kasuwa, ya ɗora laifin ga birki.

Washegari suka je likita. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya riƙa cin hanta da ganye, ya kuma daina tuƙin dare. Ya soma ajiye moto tun la'asar sakaliya, abokan tasha suna yi masa ba'a wai amarya ta kafa doka. Ya bar su a haka.

Tabawa ba ta sake tada zancen ba. Shi kuwa, har ta koma Garhanga, ta bayan zana yake gaishe ta.