Abin da Take Wasa Wuƙa da Shi

Ranar wata Laraba wuƙar kicin ta zame a kan albasa ta shige mini ɗan yatsa. Ciwon bai taka kara ya karya ba, amma 'yata ta zo ta tarar da jini a kan katakon yanka, kuma tun daga ranar zamana a gidana ya zama abin tattaunawa.

Hukuma nake ce mata. Ma'aikaciyar jinya ce, ta saba da mutanen da ke kwance ba su da bakin musu. Ta naɗe mini yatsan da bandeji kamar za a aika shi wata ƙasa, sannan ta yanke hukunci.

"Baba, ka dawo wurinmu. Ga ɗaki can babu kowa."

"Ɗakin da mijinki ke ajiye tayoyi?"

"An kwashe tayoyin."

"A mayar da su, kada su yi maraici."

"Da gaske nake. Wanda ba zai iya yanka albasa ba bai kamata ya zauna shi kaɗai ba. Ƙarshen wata zan zo da kwalaye."

Na ce mata laifin wuƙa ne. Ta ce haka duk majinyatanta ke cewa, laifin matattakala ne, laifin takalmi ne. Muka rabu a kan cewa in ta dawo ta same ni ina girki da yatsuna cikakku, za ta sake tunani.

Laifin wuƙar ne kuwa. Tun da maman yara ta rasu take dakushewa a hankali, ni kuma ina ƙara danna ta da ƙarfi. Tsohuwar wuƙa ce mai ƙotar katako, washi ya cinye ta har ta zama siririya kamar ganyen ciyawa. A hannun matata, tumatir ba ya sanin an yanka shi sai ya ga kansa a faranti. Takan yi yanka tana duba tukunya, tana kuma gyara mini labarin da nake karanta mata daga jarida. Gyaran rubutu na yi a maɗaba'a har na yi ritaya, don haka na san yadda ake gane gwani: ba ya kallon hannunsa. Duk zamanmu ban taɓa jin ta ce wuƙa ba ta ci ba, har na ɗauka haka ake ƙera wuƙaƙe.

Na birkice kicin ina neman abin da take wasa ta da shi. Na duba durowa, bayan buhun shinkafa, ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Na sami murafen tukwanen da suka daɗe da mutuwa, da wata leda cike da ledoji. Ba dutse, ba magagari.

Sai na naɗe wuƙar a jarida na tafi shagon kayan kicin da ke bakin babban titi. Mai shagon ya jera mini kayansa a kan kanta yana fara'a.

"Wannan na ja ne, Baba. Ka sa wuƙa a tsagar, ka ja, shi ke nan. Ko wanda bai san komai ba zai iya."

"Na gode da shaidar."

"Wannan na lantarki ne. Wannan dogon ƙarfen irin na mahauta ne, amma shi miƙar da baki kawai yake yi, ba ya fid da sabo. Ga kuma dutse, na masu haƙuri."

Ya zura wata wuƙar gwaji a na lantarkin. Injin ya yi gurnani, garin ƙarfe ya zubo a kan kanta. Na dubi garin, na dubi tawa.

"Wannan in ya lasa tawa, ƙota zan koma da ita gida."

Ya karɓe ta ya juya ta a haske. "Tsakani da Allah, Baba, wannan ta gama aiki. Ga sababbi can, saiti guda, har da almakashi."

"Ni ma na gama aiki, ba a musanya ni da saiti ba tukuna."

Dutsen na saya, don shi kaɗai ne bai yi mini alkawarin komai ba.

Takardar bayanin da ke cikin kwalinsa sai da na gyara mata kurakurai da jan biro kafin na bi ta. Na jiƙa dutsen, na goga, na juya, na goga. Bakin wuƙar ya fito duk zane-zane, kamar an yi wa jariri wanka da soson ƙarfe. Na ɗora ta a kan tumatir, ya lotsa, ya fashe, ya tofa mini 'ya'yansa a riga. Na dakata don kada in ƙarasa ta. Na koma burodi da shayi da dafaffen ƙwai, abincin da ba ruwansa da wuƙa.

Ƙarshen wata Hukuma ta zo da kwalayenta. Ta leƙa kicin, ta ga ɓawon ƙwai. Ta fara da kantar littattafai a falo. Da ta kai saman kantar sai ta sauko da kofina.

Farin kofin tangaran ne da maɗaba'a ta ba ni tun Hukuma tana firamare, an rubuta masa Gwarzon Ma'aikaci da ruwan zinariya. An yi taro, an wasa ni, manaja ya kira sunana ba daidai ba. Na kawo shi gida na ɗora shi can sama, na kafa doka cewa ba a shan komai a cikinsa.

Ta kifa shi a kan jarida za ta naɗe, sai ta tsaya. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Kuka kike ko dariya?"

"Ni ma ban sani ba, Baba."

Na karɓi kofin. A ƙasansa akwai zobe mai ɗan kaushi, inda ba a shafa masa ƙyalli ba. Fari ya kamata ya zama. Baƙi ne, ya yi sulɓi, gefe ɗaya har ya ɗan zaizaye.

"Kana fita aiki Mama take sauko da shi ta wasa wuƙa," in ji Hukuma. "Ta gwada duk kofuna da farantan gidan nan, ta ce babu mai laushin naka. Ni ke tsaron ƙofa."

"Ke ke tsaron ƙofa."

"Ta ce cikinsa ka hana. Ba ka ce komai a kan ƙasansa ba."

Na zauna. Na ƙarar da ƙuruciyata ina farautar giɓi a jimlolin mutane, ashe a tawa jimlar akwai ƙofa a buɗe, matata tana shige da fice ta cikinta da wuƙa a hannu. Ni rana ɗaya aka wasa ni da kofin nan. Ita ta samo masa aikin yi na dindindin, ta kuma riƙa mayar da shi daidai inda yake, rubutun yana kallon kujerata.

"Yaya take yi?" na tambaya.

Hukuma ta dubi kwalayen, ta dube ni. Ta gane abin da bakinta ya jawo mata.

"Ban iya ba. Bayana nake ba ta, ina kallon hanya. Ƙarar kawai na sani."

"Ta isa."

Muka koma kicin. Na kifa kofin a kan tebur, na ɗiga masa ruwa, na ja bakin wuƙar a kan zoben. Hukuma ta tsaya a bakin ƙofa ta juya mini baya.

"Ba haka ba. Ta yi kauri. Kwantar da wuƙar."

Na kwantar.

"Ƙara. Kuma daina dannawa, Baba, ba gardama kake yi da ita ba."

Na sassauta hannu. Muka yi ta yi, ina ja tana gyara mini, har ƙarar ta sauya, ta zama siririya, doguwa, kamar ana jan zare a cikin yadi. Na dubi Hukuma. Na ga ta kai gefen mayafinta fuska.

"Haka," ta ce daga baya. "Juya ɗaya gefen."

Na ɗauko tumatir. Wuƙar ta shiga ba tare da ta nemi izini ba. Yankan ya fito a karkace, wani da kauri wani ba kauri, amma yanka ne. Na bi da albasa. Hukuma ta kama hannuna ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Zan bar kwalayen a bayan ƙofa," ta ce.

"Bar su. Ina da tsofaffin jaridu."

Ta mayar da littattafan kan kantar ba bisa tsari ba, na haɗiye maganata.

Yanzu a kicin kofin yake zama, a kife. Wuƙar tana ci, ina girkina, ina kwana a ɗakina. Amma ba irin cin da ba ne. Akwai wani abu a karkatar hannun matar nan da kunnen 'yarta bai riƙe ba, kuma babu shi a littafi, na duba. Da na taɓa dawowa gida da wuri na kama ta tsaye da kofina a kife, na san faɗa zan fara yi. Bayan faɗan kuma da na ja kujera na zauna kusa da ita, na ce mata: sake yi a hankali, in gani.