Na Hau Dutsen Rano Ba Sanarwa

Shekara guda bayan samun mulkin kai na je Rano neman aure, kuma ni da kaina na ɓata abin. Ba wanda ya yi mini asiri, kada ma a ɗauki alhakin kowa.

Lubabatu ƙanwar Haliru ce, abokin aikina a ofishin safiyo, masu awon filaye, a Kano. A gidansa na gan ta, muka daidaita. Abin da ya rage in je in gai da mahaifinta, Malam Ramalan, ya ga irin mutumin da nake kafin manya su shiga maganar. Haliru ya riga ni tafiya, ya ce mu haɗu a bakin kasuwa bayan azahar.

Tun da hantsi mota ta sauke ni. To ina zan kai kaina? Ga duwatsun da Haliru ya cika mana kunne da su, baƙaƙe, wani bisa wani, ciyawar damina ta fito a tsakaninsu. Ga madubin hangen nesa na ofis a jakata, wanda don burga kawai na ɗauko shi. Na tuɓe takalma na hau.

Kai, wuri ya yi kyau! Gonakin dawa da gyaɗa shimfiɗe har wajen Kibiya, shanun Fulani fari fat a bakin rafi, iska tana kaɗa mini riga. Da a nan na tsaya da an zauna lafiya. Sai na karkato da madubin zuwa gindin dutsen. Gida ne mai gajeriyar katanga. Wata dattijuwa na zaune a tsakar gida da ɗaurin ƙirji, ba ɗankwali, ana yi mata kitso. Har furfurarta ina gani. Ban sauke madubin ba. Ta ɗaga kai, ta zabga salatin da na jiyo daga sama, ta rarumi faifai ta kifa a ka, ta faɗa ɗaki. Ni kuwa, sakarai, dariya na yi, har da ɗaga hannu.

Bayan azahar Haliru ya ja ni zuwa gidansu. Hanya ta yi ta karkata wajen dutsen. Da na ga katangar nan, wallahi nan take na gane gidan da na leƙa ne.

Malam Ramalan ya karɓe ni a zaure, muka gaisa, aka kawo fura. Ya daɗe yana duban rigata.

"Mika'ilu, kai ne mai farar riga a kan dutse ɗazu?"

"Ni ne, Baba."

"Mutanen garin nan, in za su hau ta gefenmu, sai sun tsaya a ƙasa sun ɗaga murya sau uku, za a hau, mata su kimtsa. Har makiyaya masu wucewa sun san wannan. Shi ya sa ban taɓa ƙara wa katangata tsawo ba."

Na buɗe baki in ce ni baƙo ne, ban sani ba.

"Haliru ya ce mini mahaifinka magini ne," in ji shi. "In zai hau soron mutane, haka yake hawa shiru?"

"A'a, Baba. Yakan yi sanarwa."

Tun ina ƙarami nake jin muryar tsohona yana wannan kira. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Haliru ya sunkuyar da kai, bai ko dube ni ba.

"Uwar yarinyar ce ka gani," Malam Ramalan ya ce, ba faɗa, ba ɗaga murya. "Tun ɗazu tana ɗaki, ta ƙi fitowa. Ta ce ba za ta iya zama surukar wanda ya ƙare mata kallo yana dariya ba. Na nemi abin da zan ce mata, ban samu ba."

Ya turo mini ƙwaryar da ludayi.

"Sha furarka, kada mota ta tafi ta bar ka."